Yadda zaka riƙe zuciyarka a kasuwar hannun jari

To jama'a tunda yanzu mutum yana kwance a ɗaki zai iya sayen hannun jarin Dangote Cement ko MTN da wayarsa, bari mu ɗan taɓa abinda yafi cinye kuɗin sabbin shiga, wato kwaɗayi da firgici.

Kuɗin da zaka saka ya zama wanda zaka iya kauda kai daga kansa shekara uku ko biyar. Banda kuɗin haya, banda na makarantar yara, banda zubin adashe, kuma dan Allah banda bashi. Duk wanda ya ga 2008 ya san zancen. Bayan Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya tilasta bankuna haɗa jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna suka dinga fito da hannun jari, har bashi ake baka ka saya, ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan fansho kowa ya ruga saboda lokacin komai ka taɓa tashi yake. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya gangaro wajen 20,000. Wanda ya saya da kuɗinsa ya ji jiki amma ya iya zama ya jira, shi kuwa mai bashi banki ya sayar da jarin a faɗe sannan ya biyoshi da cikon kuɗi. Irin wannan bashin na cikin abinda yasa aka kafa AMCON, hukumar dake karɓar munanan basussukan bankuna, a 2010.

Sai maganar gurup ɗin WhatsApp da Telegram, masu "wannan zai tashi gobe, ku shiga da wuri". Kafin labari ya iso wayarka wasu sun riga sun saya tuntuni, mai saye suke nema su sauke masa. Yawanci kuma ƙananan kamfanoni ne masu farashin naira ɗaya ko biyu, mutum yaga da dubu hamsin zai kwashi dubban hannaye sai ya ɗauka araha ya samu. A NGX, wato kasuwar hannun jarin Najeriya, farashi baya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana, to idan irin waɗannan suka fara gangarowa zaka buɗe manhaja kaga layin masu sayarwa dogo, ɓangaren masu saye kuma fayau ba kowa, kullum kashi goma na fita kana kallo baka da yadda zakayi. Shiyasa kafin ka saya ka duba yawan cinikin da akeyi akansa a rana, ka duba ko kamfanin na fitar da rahoton kuɗinsa akan lokaci kuma yana raba riba.

Akwai wata ɗabi'a da kusan kowa keda ita, wanda ya kawo riba kaɗan sai a sayar da sauri kar ya gudu, wanda ya faɗi kuma a rungumeshi ana cewa "sai ya dawo kuɗina". Kasuwa bata san nawa ka saya ba malam. Ka samu ɗan littafi, ranar da ka saya ka rubuta dalilinka da abinda zai sa ka fita, idan farashi ya faɗi ka tambayi kanka, da tsabar kuɗi ce a hannuna yau zan sayi wannan kamfanin? In amsar a'a ce to me kake jira.

Ka rage leƙa manhaja kowace awa, ka riƙa saye kaɗan kaɗan duk wata. Kuma sayen bankuna biyar ba rarraba jari bane, iska ɗaya ke kaɗasu, ka haɗa da siminti, sadarwa, kayan abinci. Mai gudun kuɗin ruwa ya duba kamfanonin dake cikin Lotus Islamic Index, wato jerin kamfanonin da suka dace da shari'ar Musulunci, ko sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017.

Dillalinka ya zama mai rajista da SEC, hukumar dake sa ido kan kasuwar, ka tabbata an buɗe maka akawun na CSCS, inda ake ajiye hannun jari, an baka lambar shaidarka ta CHN da sunanka. Duk wanda yace zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, wannan layin MMM ne da CBEX, ba hannun jari yake sayarwa ba. Sannan ka cike fom ɗin biyan riba kai tsaye ta banki, sunan dake jikinsa yayi daidai da na BVN ɗinka, in ba haka ba kamfani zai raba riba taka ta maƙale a wajen rajistara, masu riƙe da sunayen masu hannun jarin kamfanin, kana ta zirga-zirga.