Yadda nake farautar podkas mai daɗi ba tare da forfe ya ƙone ba

Ni tela ne, shagona na nan Maradi wajen Sabon Gari, kuma duk wanda ya taɓa zama bisa keke ya san hannu da ƙafa da ido duka a ɗaure suke, kunne kaɗai ke zaman banza. Shekara da shekaru rediyo ce abokiyar hira, Anfani, Saraounia, Garkuwa, sai labaran BBC da na Jamus in lokacinsu ya yi. Matsalar rediyo guda ce, ba ta jiran kowa. Mai kaya ya shigo kuna ja-in-ja kan wuyan riga, kafin ku gama shirin ya wuce, sai wani mako. Abin da ya kai ni ga podkas kenan, kuma tunda yaran fadarmu sun mai da ni kamar ofishin tambaya, kullum sai an ce Malam turo mana abin saurare, na ce bari in rubuta yadda nake yi kowa ya huta.

Ga wanda bai sani ba, podkas shirin rediyo ne da anka ajiye a intanet kashi-kashi, ka ɗauko lokacin da ka ga dama, ka tsayar, ka koma baya, ka ƙarasa gobe. Sunan ma haɗi ne, wani ɗan jaridar Ingila ne ya fara rubuta shi a 2004, ya ɗauko rabi daga iPod na kamfanin Apple rabi daga kalmar Turanci ta watsa shiri. Wannan dai tarihi ne, ba shi zai cika maka kunne ba.

Fara da aplikasiyo, kuma kada ka ɓata lokaci kana neman Google Podcasts don sun rufe shi tun 2024, sun tura mutane YouTube Music. In wayarka Android ce kamar ta yawancinmu, shiga Play Store ka ɗauko AntennaPod. Kyauta ne, babu talla a cikinshi, bai da nauyi, ba ya tambayarka ka buɗe kont, kuma ko ƴar Itel ko Tecno da ta sha wuya tana ɗaukarshi. Akwai Podcast Addict, akwai Castbox, akwai Pocket Casts, Spotify ma yana aiki a Nijar tun 2021, mai iPhone kuma nashi na cikin wayar tun daga kamfani. Duka suna yi. Amma guda ɗaya ya isa, na ga masu tara huɗu biyar a waya kamar masu tara hula, ƙarshenta memuwa ta cika ba su saurari komi ba.

Kafin ma ka nemi shiri ko guda, shiga wajen saiti ka gyara abu biyu, wannan shi ne abin da da an gaya mini tun farko da ban yi asara ba. Na ɗaya, hana shi telesharje, wato sauke shiri cikin waya, da kanshi sai in akwai wifi. Na biyu, sa shi ya riƙa goge kashin da ka gama saurare. Ni ranar farko abone, wato rajistar bin shiri, na dinga yi ma duk abin da na gani, shiri wajen goma sha biyar, na kwanta, da asuba na duba forfen intanet da na sa ran zai kai ni mako ya tafi, waya ta kwana tana jido kaya kamar tururuwa. Tun daga nan nake lissafi kamar na yadi. Murya zalla ta awa guda in an matse ta sosai wajen mega 30 ce, in mai kyau ce kamar ta waƙa wajen mega 60. Yawancin aplikasiyo suna nuna nauyin kashi a gefe kafin ka taɓa, to duba. Hira guda ɗin nan in ka je kallonta a YouTube sai ta ci ninki-ninkin haka, alhali mutum biyu ne zaune bisa kujera da makirho a gabansu, me za ka kalla a ciki? In kana da aboki mai aiki inda ke da wifi, ko kana ratsawa ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wajen ɗan'uwa, ko kamfanin layinka na da forfen dare, can ne wurin cika buhu. Ka sauke na mako guda a zama ɗaya, sauran kwanakin ko rezo ya tafi ko wuta ta ɗauke ba ruwanka, muddin batir na da rai.

To yanzu neman kanshi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara da muryoyin da ka riga ka sani. Rubuta Hausa kawai a wajen nema za ka ga manyan gidaje sun fito. BBC da ta fara Hausa tun 1957 tana da su Ra'ayi Riga da Gane Mini Hanya da Lafiya Zinariya, ga labaran Hikayata na gasar rubutun mata da ake karantawa, waɗannan matata ta fi ni sonsu, in ta sa su tana tuwo ba a yi mata magana. DW na da Taɓa Ka Lashe da Amsoshin Takardunku. RFI Hausa, wadda anka dakatar da ita a FM a ƙasar nan a watan Agusta 2023, tana da Tambaya da Amsa, Lafiya Jari Ce, Kasuwa A Kai Miki Dole, Muhallinka Rayuwarka. Daga ƙetaren iyaka jaridar Aminiya na fitar da Najeriya a Yau da Daga Laraba, gajeru ne, kuma mu da farashin naira ke taɓa mana tukunya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ba za mu ce labarin Najeriya bai shafe mu ba. Namu na gida kuma akwai Studio Kalangou da ke Yamai tun 2016, suna yi da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, shirye-shiryensu na nan a shafinsu ana saukewa.

Amma fa kada ka tsaya nan. Waɗannan rediyo ce da anka zuba a wata kwarya, daɗin podkas na gaske yana wajen ƙananan mutane, yara biyu a Kano ko Zinder ko Kaduna da sunka sayi makirho sunka zauna suna hirar aure ko kasuwanci ko tarihin garinsu. Su ne ke da wuyar samu, don ba su da mai yi musu shela. Dabarar da nake yi ita ce ba na neman sunan shiri, abin da ke damuna nake rubutawa. Noman rani. Kiwon kaji. Kokowa. Tarihin Gobir. Ciwon suga. Sai in rubuta shi iri biyu iri uku, da ƙugiya da babu ƙugiya, ƙasa da kasa, don na'urar ba ta san abu guda ba ne, kuma yawancin masu sa shirin ba su damu da ƙugiyar ba. In Hausa ba ta ba da komi ba in juya Faransanci. Wata dabarar kuma, bi baƙo. In ka ji wani malami ko likita ko ɗan kasuwa ya yi magana mai ma'ana a wani shiri, rubuta sunanshi a wajen nema, sau da yawa za ka tarar ya je wasu shirye-shiryen uku da ba ka taɓa jin sunansu ba, daga nan sai wannan ya kai ka ga wancan kamar zaren da ka ja daga bakin zane. Kuma a duba Audiomack da YouTube da Telegram, da yawa daga cikin namu can suke zuba kayansu, ba su ma kira shi podkas ba.

Jerin nan da aplikasiyo ke nunawa na waɗanda sunka fi farin jini, ni ban cika kula shi ba. Yawanci na Amurka ne ko Faransa, mutane na dariya kan abin da ba ka san kanshi ba.

Sai tantancewa, nan ne aikin yake. Ni minti goma nake ba kowane shiri, daidai tafasar shayin farko. Abu na farko kunne: murya na fita? In sai na tsayar da keke kafin in ji me ake cewa, ko ɗaya na ihu ɗaya kamar daga cikin rijiya, na wuce, ko da Malam Zurƙe ne ke magana. Na biyu, gaisuwa. Mu Hausawa muna son gaisuwa, ni ma ina so, amma in an ci minti bakwai ana gaida masu saurare na Facebook ɗaya bayan ɗaya, ana cewa kafin mu shiga cikin shirin, to babu komi a cikin shirin, da akwai da an shiga. Na uku shi ne wanda na fi ba ƙarfi: mai tambaya yana barin baƙo ya ƙarasa magana? Akwai masu gayyato mutum don ya zo ya saurare su. Na huɗu, mai maganar yana faɗin inda ya samo abin da yake faɗa? Wannan ya fi tsanani a maganar lafiya da ta addini. Duk wanda ya ce ganye guda na maganin hawan jini da suga da basir da rashin haihuwa, sannan ya ba da lambar waya a ƙarshe, ba shiri yake ba, kasuwa ya buɗe. Haka mai jawo hadisi ba littafi ba malami. Kuma kada ka fara da kashi na ɗaya, yawanci nan ne suke koyon hannu, makirho na ƙara, suna jin kunya. Ɗauki na tsakiya wanda kanshi ya ja ka. Banda labari mai ci gaba, shi dole daga farko. Duba kuma ranar da anka sa na ƙarshe, in an shekara biyu ba sabo to gidan an tashi, kana iya cin abin da anka bari amma kada ka zauna jira.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba, shiri yana da lokacinshi kamar abinci. Wanda ke buƙatar tunani, tarihi ko tafsiri, ba na sa shi lokacin yanka, na taɓa ɓata shadda mai tsada ina bin labarin yaƙi, almakashi ya bi ta inda ba a aike shi ba, sai da na biya daga aljihuna. Shi sai dare ko bisa hanya. Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, wuni ne cur a cikin kar, babbar motar fasinja, wannan tafiyar ita ce gidan dogayen shiri, ka cika waya tun jajibiri ka riƙe ekutar da fawa bank. Na raha da hira su ne na aikin hannu, musamman kwanakin nan goma na ƙarshen azumi da muke kwana bisa keke, su ke hana yaran shago gyangyaɗi. Gajeru kuma na safe. Ƙanena da ke shirin jarrabawa kullum sai ya saurari Journal en français facile na RFI, minti goma ne, ana magana a hankali kuma akwai rubutun a shafinsu, mai son Turanci kuma BBC na da 6 Minute English. In mai magana na jan baki akwai wajen ƙara gudu, ni 1.2 nake sawa, in ka kai 2 sai kowa ya koma kamar mai kiran farashi a kasuwar Tsibiri. Masu kabu-kabu don Allah kunne guda, ko ma a bari sai an tsaya.

Maganar turawa wani kuma, a nan ne yawancinmu ke kuskure. Mutum zai ji abu ya yi mishi daɗi sai ya watsa liyan, wato adireshin shirin, a gurup biyar ba ko sallama, ba wanda zai buɗe, ni ma ba na buɗewa. Kada ka ce ma mutum saurari shiri kaza, shiri mai kashi ɗari biyu, ta ina zai kama? Zaɓi kashi guda, ka tura ma mutum guda, ka gaya mishi dalili da bakinka. Baba, ga wata hira kan ajiyar wake kada ƙwari su ci, minti ashirin ce, daga minti na biyar abin ke farawa. Yaya, wannan kan yaye ne, na tuna da ke. Faɗi tsawonshi, faɗi nauyinshi, don wanda ke da mega 50 a waya yana da haƙƙin sani kafin ya taɓa. Kuma kada ka tura abin da kai ba ka kai ƙarshenshi ba, na taɓa aika ma kawuna wata hira da farkonta ya yi kyau ashe can gaba sun sauka layi sun shiga zancen da ba a yi gaban manya, kwana uku ina zagaye ƙofar gidanshi.

Dattawa da waɗanda ba su karatu, liyan ba ya musu amfani. Ka je da kanka, ka sa musu a waya, ka nuna inda ake taɓawa. In a fada ne ma ya fi sauƙi, a haɗa da ƴar sipika a sa minti goma sha biyar ana jiran shayi na biyu, in gardama ta tashi bayan an kashe to shirin ya ci, in kowa ya koma kan wayarshi sai a goge a nemo wani. Makon jiya na sa musu wata hira kan ko ya dace mace ta san albashin mijinta, har shayi na uku ya huce ba wanda ya tuna da shi, Alhaji mai shagon kusa da mu da ya zo korarmu don surutu shi ne ya ƙare da jan benci ya ce a mayar daga farko.