Yadda Ake Fito da Halin Mutum a Fitowar Farko ta Wasan Kwaikwayo

Marubucin wasan kwaikwayo ba shi da damar da mai ƙagaggen labari yake da ita ta tsayawa ya ce wane marowaci ne ko wance mai haƙuri ce. Abin da ke hannunsa shi ne maganar da 'yan wasa za su furta da abin da ido zai gani a kan dandamali. Shi ya sa aikin ya fi nauyi a kashi na ɗaya, fitowa ta ɗaya, domin kafin a yi nisa 'yan kallo sun riga sun yanke wa kowa hukunci.

A fara da gaisuwa. Sababbin marubuta sukan ɗauke ta ɓata lokaci, alhali a cikinta Bahaushe yake gane wane ne babba, wane ne mai neman alfarma, wa kuma yake riƙe da wani a zuci. A ɗauka labule ya buɗe a kan wani zaure a unguwar Gangare, da sanyin safiya irin na Jos, Alhaji dillalin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada yana kan kujera, ƙanensa ya yi sallama.

ƘANE: (a tsugune daga bakin ƙofa) Yaya, an tashi lafiya? Ya sanyi?
ALHAJI: (bai ɗaga kai daga littafin lissafi ba) Lafiya.
ƘANE: Ya kasuwa?
ALHAJI: To, sai godiya. Kai dai ka san yadda kuɗin mota daga Bokkos ya koma.

Ba wanda ya ambaci rance, amma kowa ya gane cewa roƙo ne ya kawo ƙanen, kuma Alhaji ya riga shi da kukan babu tun bai buɗe baki ba. Da marubucin ya sa wata ta fito ta ce Alhaji ba ya taimakon 'yan'uwa, da ya ƙwace wa mai kallo daɗin ganowa da kansa.

Sai a kula da sunan da kowa yake kiran wani da shi. Ƙanen da ya bar "Yaya" ya koma "Alhaji" a tsakiyar zance ya nuna cewa zumunci ya ja baya. Matar da ta saba cewa "Maigida" idan ta kama sunan mijinta gatsau, an san gidan ba lafiya. Karin harshe ma yana aiki, domin Sakkwatanci daban, Kananci daban, Hausar Jos daban, sai dai a yi hattara kada a mai da harshen wani abin dariya, musamman a gari mai kabilu da yawa.

Kayan dandamali kuwa kaɗan sun isa. Yaran tashe, waɗanda suke fitowa daga goma ga watan azumi, da gemun auduga da sanda kawai suke zama tsofaffi, kuma ba mai tambaya. A zauren nan a ajiye butar shayi da kofi biyu, Alhaji ya zuba a ɗaya, ya bar ɗayan a kife. A rubuta wannan cikin baka biyu, wato ( ), a matsayin umarni ga ɗan wasa, a gajarce, ba tare da bayyana dalili ba. Haka shiru: idan ƙanen ya dubi kofin ya kau da kai, a ba shi lokaci kafin magana ta gaba.

Zancen zuci, inda ɗan wasa yake faɗa wa 'yan kallo abin da ke ransa, a ganina gara a jinkirta shi har sai an ga mutumin cikin mutane.

Idan an gama rubutu, a rufe sunayen da ke gefen takarda, a ba wani ya karanta da ƙarfi. Duk layin da aka kasa gane mai faɗarsa, ko wanda zai dace da bakin Alhaji da na ƙanensa duka, a sake rubuta shi.