Darasi na 6: Sassauta Hannu da Ɗaga Shi a Kiɗan Ganga

A ƙungiyar makaɗa, jita tana da maɓallin rage ƙara, fiyano ma haka, makirfon mawaƙi ma haka. Ganga ce kaɗai ba ta da shi, hannun mai kiɗa ne maɓallinta. Idan ya cika ƙarfi, mai kula da na'ura zai ƙara wa mawaƙi murya, mai jita ya ƙara tasa, har lasifika ta fara kuka. Daga nan sai ka ga iyaye mata da ke zaune a gaba suna jan kujeru baya, amarya kuma ba ta ji ko kalma ɗaya daga kirarin da ake yi mata ba.

Ƙara daga tsayin sanda take

Sabon makaɗi yakan ɗauka ƙarfin damtse ne ke kawo ƙara. Abin da ke kawo ta shi ne nisan da sanda ta taso kafin ta faɗa kan fata. Saboda haka ka riƙe tsayi huɗu, ka auna su da jikinka.

Na farko faɗin yatsu biyu ne, kusan santimita 3. Wannan shi ne bugun raɗa, wanda ake cike tsakani da shi. Na biyu faɗin tafin hannu, kusan santimita 8, da shi ake raka mawaƙi yana baiti. Na uku santimita 15 zuwa 20, wajen taƙi guda, na amshi ne. Na huɗu tsawon rular ɗan makaranta, santimita 30, wanda ake ajiyewa sai rawa ta yi zafi ko an zo rufe waƙa.

Ka jingina rula a gefen ganga. Ka sa manhajar ƙidayar bugu a wayarka a kan 80 a minti. Yi bugu takwas a tsayi na farko, takwas a na biyu, har ka kai na huɗu, sannan ka sauko. Minti goma kullum ya isa. A tsayi biyu na farko wuyan hannu da yatsu kaɗai za su motsa, gwiwar hannu ta zauna a wurinta.

Abu biyu ne za su ba ka wahala, kuma kowa da su ya fara. Bayan bugu mai ƙarfi sanda takan yi tsalle ta koma sama, sai bugun da ke biye ya fito da ƙarfi ba da niyyarka ba. Maganinsa, da zarar sanda ta taɓa fata ka tare ta da yatsu uku na baya, ta tsaya a ƙasa-ƙasa. Kada ka danne ta a kan fata, muryar gangar za ta mutu. Abu na biyu ya fi wuyar ganewa: idan ka ɗaga hannu sai ka ƙara sauri, idan ka sassauta sai kiɗan ya ja ƙafa. Ƙara daban, sauri daban. Ka ɗauki kiɗanka a waya tare da ƙidayar, ka saurara. Kunne ba ya faɗa wa mai shi gaskiya yana cikin bugu.

Gaɓoɓi huɗu, hannu biyu da ƙafa biyu, kowace da nata awo

Mafi yawan hayaniyar da ake ɗora wa ganga, daga faya-fayan ƙarfe take fitowa. Ƙararsu siririya ce mai kaifi, tana shiga makirfon mawaƙi kai tsaye, ta haɗiye harufa irin su “s” da “sh”, sai kalmomi su dagule. Don haka hannun da ke kan faifai ya kasance ƙasa da sauran. Gangar ƙafa da siniya, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙarƙashinta, su ne za su fito fili.

A kan hai-hat, faya-fayan nan biyu da ƙafar hagu ke buɗewa da rufewa, ka buga da kan sanda a samansu, ƙafarka a danne. Idan ka sari gefensu da jikin sanda, ko ka bar su a ɗan buɗe, ƙara za ta ƙaru sosai. Ajiye wannan sai amshi.

A kan siniya, bugun da sanda ke haɗa fata da bakin ƙarfe lokaci guda yana fashewa kamar bindiga. Yana da daɗi a fili, amma a ɗaki azaba ne. Lokacin baiti ka kwantar da sanda a kan fata, tafin hannunka a kanta, ka ɗaga gindinta ka ƙwanƙwasa bakin ƙarfen. Sautin “ƙwas” ɗin nan yana riƙe kiɗa, kuma ba ya taka murya.

Ga gangar ƙafa, diddige a ƙasa don kiɗa mai laushi, diddige a sama idan ana son nauyi.

Sanda da ɗan gyara

Sanda mai lamba 7A siririya ce mara nauyi, 5A matsakaiciya, 5B ta ɗan fi ta kauri, 2B kuma ita ce mai kaurin gaske. A bikin suna cikin gida ɗauki 7A, ko sandar nan ta siraran itatuwa da aka ɗaure kamar tsintsiya. Ka sa matashi a cikin gangar ƙafa, ya ɗan taɓa fatar da ake bugu. Idan siniya tana yawan amo, naɗe hankici ka manna shi da salatif a gefen fata. Kada ka lulluɓe ta gaba ɗaya, domin gangar da aka toshe takan sa mai ita ya ƙara duka don ya ji kansa.

Wuri da waƙa

Bikin aure a ƙarƙashin rumfa a kan titi a unguwar Nima ko Mamobi ta Akara ba ɗaya yake da na zaure mai tayil da rufin kwano ba. A fili sauti yana tafiya abinsa, duk ninkin nisa yana rage kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti). A zaure bango da rufi suna maido maka da shi, saboda haka ka sauke kowane tsayi da mataki ɗaya. Kafin baƙi su iso, aiki wani ya tsaya inda za a zauna, mawaƙi ya yi baiti guda kana raka shi. Idan ɗan aiken bai iya maimaita kalmomin ba, sassauta. Kai ma a kujerarka, muddin ba ka jin abin da mawaƙi ke faɗa, ka wuce gona da iri.

Masu kalangu sun daɗe da sanin wannan. Ka lura da su: mawaƙi na buɗe baki sai kiɗa ya kwanta, ’yan amshi na karɓa sai ya miƙe. Haka za ka yi. Idan za ka hau daga baiti zuwa amshi, ka hau a hankali cikin bugu goma sha shida na ƙarshe, kada ka ƙare ƙarfinka tun a huɗun farko. Idan kuma akwai mai kalangu ko mai ƙararrawar kiɗan hailaif na Gana a tare da ku, rage cike-cike, ka bar musu fili.

Kunnenka

Masana lafiyar ma’aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kawai, ganguna kuwa suna iya wuce haka. Idan ka tashi daga wasa kunnenka na shuu, gargaɗi ne. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Sayi abin toshe kunne a kemis, ka riƙa sawa har a wajen gwaji.

Aikin gida

Kowace shekara kafin bikin Homowo, sarakunan ƙabilar Ga sukan hana kiɗa da hayaniya a Akara na kusan wata guda, galibi daga Mayu zuwa Yuni. Wannan wata ya dace da gyaran hannu. Shimfiɗa tawul ninki biyu a kan benci, ka jingina rularka, ka yi bugu huɗu a santimita 3, ɗaya a santimita 20, ka sake komawa 3 ba tare da sanda ta yi tsalle ba. Maimaita sau ashirin da dama, sau ashirin da hagu. Rubuta a littafinka sau nawa sanda ta kuɓuce maka a kowane hannu, ka kawo wa malami a darasi na gaba.