Yaushe sanitaiza ke aiki, yaushe kuma sai sabulu?

A jakata akwai 'yar kwalbar sanitaiza da ba na fita sai da ita. Tun 2020, lokacin annobar korona, ta samu gurbi a aljihun gefe kusa da makullai, idan ta ƙare in sayi wata. Na daɗe ina ɗora mata aikin da ba nata ba, ban kuma farga ba sai daren da autana ya kwana yana amai da gudawa.

Sau huɗu na canza masa kaya a daren. Duk lokacin da na gama gyara shi, sai in matsa sanitaiza a tafin hannu in murza in koma in kishingiɗa, don gajiya ta hana ni zuwa famfo. Bayan kwana biyu yayarsa ta kwanta, washegari ni ma na bi. Da muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni da me nake tsaftace hannu idan na gama da yaron. Na zaro kwalbar na nuna mata. Ta girgiza kai ta ce, "Maman yara, wannan ba ta isa ba. Amai da gudawa sai ruwa da sabulu." Raina ya sosu ƙwarai, domin a zatona kare yaran nake yi.

Daga baya na bi diddigin maganarta. Abin da ke aiki a cikin sanitaiza sinadarin alkohol ne, ko dai etanol ko isofurofanol. Yana lalata furotin ɗin jikin ƙwayar cuta, yana kuma narkar da wata rigar maiƙo da wasu ƙwayoyin ke lulluɓe da ita. Ƙwayar korona da ta infuluwenza, wato mura mai tsanani, duk suna da wannan riga, shi ya sa alkohol ke gamawa da su nan da nan. Amma norobairos, wadda ke yawan jawo amai da gudawa mai bin gida ɗaya bayan ɗaya, ba ta da rigar maiƙon, ɓawonta mai tauri ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ambace ta tare da wasu biyu masu sa gudawa, Cryptosporidium da Clostridioides difficile, a cikin ƙwayoyin da ruwa da sabulu suka fi sanitaiza iya kawar da su. Shi sabulu ba sai ya kashe ƙwayar ba: yana ɓanɓaro ta daga fata tare da maiƙo da dattin da ta maƙale a ciki, ruwa ya tafi da su gaba ɗaya. Ita kuwa sanitaiza duk abin da ta samu a hannu a nan take barinsa, mataccen da wanda ya tsira.

Tun daga nan, kafin in buɗe murfin kwalbar nakan duba hannuna, in kuma duba ko akwai famfo da sabulu a kusa. Idan akwai, nakan je in wanke, musamman a gida inda taku goma ne tsakanina da ruwa. Idan babu, hannun kuma a ido fes yake, to lokacin sanitaiza ya yi.

Irin wannan lokaci yawanci a waje yake zuwa. Ka sauka daga motar haya bayan ka riƙe ƙarfen da hannu ɗari suka riƙe. Ka danna maɓallan na'urar cirar kuɗi, ko ka ƙirga canji. Ka tura ƙofar ofis, ka dafa ƙarfen bene, ka gaisa da mutane da yawa a taro. Atishawa ta kufce maka a tafin hannu, ko ka fyace majina a kan hanya. Sai dai ban ga amfanin mutum ya riƙa matsa ta duk bayan minti biyar ba. Ƙwayar cutar da ke kan lafiyayyar fata galibi jiran hanya take, hanyar kuwa ita ce ido da hanci da baki da buɗaɗɗen rauni. Saboda haka abin da na fi sa wa ido shi ne lokacin da hannu zai nufi fuska: zan sa wani abu a baki, zan sha magani, zan share wa yaro ido, zan miƙa masa abin da zai ci. A nan ne nake tsayawa in shafa, ko da na shafa ɗazu.

Wuri ɗaya da ba na yi wa sakaci shi ne dubiya a asibiti. Nakan shafa kafin in shiga ɗakin marar lafiya, in sake shafawa idan na fito. Ta shiga domin shi ce, jikinsa ya riga ya raunana, abin da ni ba zai kayar da ni ba yana iya kayar da shi. Su kansu ma'aikatan lafiya, jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta fifita musu shafa alkohol tsakanin majinyaci da majinyaci matuƙar hannu bai ɓaci a ido ba, saboda ya fi sauri, ya kuma fi yawan wanki sauƙi ga fata. In kuwa gudawa ke damun wanda ka je dubawa, nemi famfo kafin ka bar wurin.

Shafawar ma da ƙa'idarta, a nan ne kuma na ga mutane sun fi kuskure. Wani zai ɗiga ɗigo ɗaya, ya tafa hannu sau biyu, ya goge saura a jikin riga. Matsa wadda za ta jiƙa hannu biyu gaba da baya. Murza tafi da tafi, sannan bayan kowane hannu, ka sarƙe yatsu ka goge tsakaninsu, ka kama babban yatsa ka murɗa shi a cikin ɗaya tafin, ka tattara kan yatsu ka goga su a tsakiyar tafi don ta shiga gefen farce. Babban yatsa da kan yatsu su aka fi mantawa, alhali da su muke taɓa komai. Ci gaba da murzawa har hannun ya bushe da kansa, daƙiƙa 20 zuwa 30 ke nan. Idan ya bushe kafin ka ƙirga goma, ka yi rowa, ƙara. Kada ka goge da ƙyalle, kada kuma ka shafa a jiƙaƙƙen hannu, don ruwan zai surka alkohol ɗin ya rage masa ƙarfi.

Ban da amai da gudawa, akwai wuraren da kwalbar za ta zauna a jaka. Bayan fitowa daga bayi, bayan canza wa jariri ƙunzugu, bayan taɓa ɗanyen nama, da kafin fara girki, duk sabulu ne. Haka idan hannu ya yi ƙasa ko laka ko baƙin mai, domin dattin kan rufe ƙwayoyin cuta alkohol ya kasa kai musu. Wanda ya taɓa maganin feshin ƙwari ko wani abu mai gubar dalma shi ma kada ya dogara da ita, ba ta cire guba daga fata. Idan tilas ta sa babu ruwa ko kaɗan, share dattin da abin da ka samu, ka shafa, ka kuma wanke da zarar ka isa inda ruwa yake.

Wajen saye, juya kwalbar ka karanta bayanta. Ana son alkohol ɗin ya kai aƙalla kashi 60 cikin 100. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yana da etanol kashi 80 ko isofurofanol kashi 75, da ɗan gilisarin don kada fata ta bushe. Ƙamshi da launi ba sa kashe komai. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ni dai ba na saya, domin a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan wasu da aka samu da metanol a ciki, gubar da ke iya makantar da mutum ko ta kashe shi. Kada ka ƙara mata ruwa don ta yi auki. Rufe murfin sosai, kada ka bar ta a mota cikin rana, don alkohol yana bin iska. Ka kuma duba ranar ƙarewar wa'adinta.

Abu biyu ke sa ni fargaba a kanta, wuta da yara. Tana kamawa da wuta, harshen wutar alkohol kuma da ƙyar ake ganinsa da rana, don haka kada ka kusanci ashana ko murhu sai hannu ya bushe ƙarau. Yaro ƙarami kuwa, musamman wanda bai kai shekara 6 ba, kai za ka matsa masa, ka tsaya a kansa har ta bushe, don kada ya lasa ko ya murza ido. Masu ƙamshin alewa sun fi jan hankalinsu. Idan ta shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Idan yaro ya kurɓa, a garzaya da shi asibiti da kwalbar a hannu, jikinsa ba ya jure abin da na babba zai jure. Ni tawa a aljihu mai zif take zama, jakar kuma a rataye inda hannun auta ba ya kaiwa.

Watanni bayan wancan dare, yaron ya sake tashi da amai. Kafin in taɓa shi na ajiye butar ruwa da sabulu da roba a bakin ƙofar ɗakin. Duk gyara ɗaya wanki ɗaya, ina ƙirga ashirin a zuci, ina cuɗa har wuyan hannu, sannan in koma in ɗauke shi.