Yadda Manomi Zai Duba Ƙululun Saiwar Wake da Gyaɗa

Manomin Maraɗi da ke shuka wake ko gyaɗa a jigawa yana da taki a ƙarƙashin ƙasa, amma takin ba kyauta yake zuwa ba, domin shukar tana biyansa da sukarin da ganyenta ya haɗa a hasken rana. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu suna rizobiyum da ke zaune cikin ƙananan ƙululun saiwa su ne ke ɗauko sinadarin azot, wanda shi ne wannan takin, daga iska su miƙa wa shuka.

Idan shuka ta kai mako biyar ko shida, dab da fitar fure, a tono gindi uku ko huɗu da hauya daga sassa dabam-dabam na gona. Kada a fizge da hannu, saboda ƙululun za su tsinke su tsaya a ƙasa. A wanke saiwar, a raba ƙululu gida biyu da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Launin na wani furotin ne mai suna legemoglobin. Fari yana nufin bai ƙosa ba ko ba ya aiki, kore kuwa ya tsufa.

Abin da ke faruwa a ciki ya cancanci a fahimce shi. Sukarin da ya sauko daga ganye ba ya shiga bakin ƙwayoyin kai tsaye. Wani anzim, wato furotin da ke sarrafa sinadarai a jikin shuka, mai suna sukuros sintaz ne ke fara farfasa shi, sannan wasu anzim, irin su PEP karboksilaz da malat dehidrojenaz, su ƙarasa mayar da shi malat, wanda shi ne abincin ƙwayoyin. Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, sukuros sintaz yana cikin waɗanda ke fara raguwa, sai sukari ya taru a ƙululu alhali ƙwayoyin suna cikin yunwa.

Saboda haka a tsare wa ƙasa danshinta da takin gargajiya, a kuma sa takin fosfor lokacin shuka, tunda ƙasarmu ta rairayi tana da ƙarancinsa ƙwarai. Yawan takin ure yana hana ƙululu fitowa, kuma a ganina asarar kuɗi ce a gonar wake. Mai haɗa wake da hatsi ya buɗa layi domin rana ta samu ganyen, ya cire ƙuduji tun bai yi fure ba, kuma ya rage tsinkar ganyen miya har sai wake ya zuba ƴaƴa.