Yadda za ka karanta hasashen yanayin Bergen kafin ka fita daga gida

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Bergen a gaɓar yammacin Norway, abu na farko da zai koya ba yaren ƙasar ba ne, duba waya ne kafin ya sa takalmi. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 2,200 a shekara, kuma ana yin ruwa a kwanaki fiye da 200. Daga 29 ga Oktoba 2006 zuwa 21 ga Janairu 2007 an yi kwana 85 a jere babu ranar da ba a yi ruwa ba. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, iska mai ɗauke da danshi ce ke tasowa daga tekun Atilantika ta yamma, ta zo ta ci karo da duwatsun da suka zagaye garin irin su Ulriken mai tsayin mita 643, dole ta hau sama ta huce ta zubar da abin da ta ɗauko. Mu a gida idan hadari ya haɗo gabas muke kallo, can kuwa yamma da kudu maso yamma za ka riƙa kallo.

Manhajar da kusan kowa ke amfani da ita sunanta Yr, ta hukumar kula da yanayi ta Norway ce tare da gidan rediyo da talabijin na NRK, kyauta ce kuma akwai ta da Turanci. Ka sauke ta, ka sa Bergen, amma ka sa unguwar da kake ciki ma, domin tsakiyar gari da saman dutsen Fløyen ba yanayi ɗaya suke ciki ba ko da a lokaci guda ne.

To ga inda mutane suke kuskure. Suna kallon hoton gajimare da ɗigon ruwa ne kawai su rufe waya, alhali a Bergen wannan hoton kullum yana nan, bai gaya maka komai ba. Lambar da ke gefensa za ka duba, wato milimita nawa za a yi a cikin awa. Idan ka ga 0.2 ko 0.3 yayyafi ne, rigar ruwa mai hula ta ishe ka ka je tashar bas. Idan ya kai 2 ko 3 a awa ɗaya to ruwa ne na gaske, wandonka zai jiƙe tun kafin ka tsallaka titi biyu. Wani lokaci za ka ga an rubuta lamba biyu kamar 0–1.5, ma'anarsa ruwan tsalle-tsalle ne, yana iya sauka a unguwarku yana iya wuce ku ya sauka a ta gaba, su kansu masu hasashen ba su yanke ba.

Daga nan sai iska, kuma a ganina ita ta fi ruwan muhimmanci. Da mita a daƙiƙa suke auna ta, ka ninka da 3.6 ka samu kilomita a awa, wato 10 na nufin kilomita 36 a awa ke nan. Akwai lamba ta biyu da ke nuna ƙarfin iskar idan ta bugo farat ɗaya, ita za ka fi kula da ita. Da zarar ka ga ta haura 15 ka bar lema a gida wallahi, juyewa za ta yi ta karye a hannunka, bayan irin wannan ranar za ka ga karyayyun lemomi a kwandunan shara na cikin gari. Rigar ruwa da wandon ruwa da takalmin roba su ne kayan aiki. In kuma kana da tafiya a jirgin ruwa zuwa tsibirai ko cikin fiyod, wato dogon mashigin teku da ke ratsa tsakanin duwatsu, ka duba ko ba a soke tafiyar ba kafin ka je bakin ruwa.

Na gajeren lokaci kuwa akwai wani ɗan zane a manhajar da ke nuna ruwan minti 90 masu zuwa, daga na'urar rada ake ɗauko shi. Wannan shi ne abokinka na kullum. Za ka ga ruwa zai tsagaita nan da minti 20 ya sake dawowa bayan rabin awa, sai ka jira ka yi cefanenka a cikin wannan tsakanin ka dawo a bushe.

Hasashen yau da gobe ana ba da shi awa-awa kuma za ka iya dogara da shi. Daga kwana na uku zuwa na biyar ka ɗauke shi a matsayin alama ce ta inda abu ya dosa, ranar ruwan tana iya matsowa ko ta ja baya. Abin da ya wuce nan har kwana goma, kar ka sa ranar walima ko hawan dutse a kansa. Irin wannan dogon hasashen daga kwamfutocin cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, yake fitowa, kuma ba sau ɗaya suke lissafin ba, sau da yawa suke maimaitawa suna ɗan sauya alƙaluman farko su ga ko sakamakon zai zo ɗaya. Idan suka zo ɗaya akwai tabbaci, idan suka watse babu. Abin da nake ba da shawara shi ne ka riƙa duba ranar da kake so kwana uku a jere, in Asabar ta tsaya a kan rana da safe duk lokacin da ka duba to ka fara shiri, in kuma yau rana gobe ruwa jibi rana, ba a san komai ba tukuna.

Sanyin Bergen ba irin na cikin ƙasar ba ne, ruwan teku mai ɗumi da ke zuwa daga Atilantika yana rage shi, a Janairu yawanci digiri 1 zuwa 3 ne, a Yuli kuma wajen 15. Amma fa nan hatsarin yake, idan ka ga an yi ruwa da yamma sannan hasashe ya nuna sifili da asuba, titi zai daskare ya yi santsi ba tare da ka ga ƙanƙarar da ido ba, sai ka ɗaura ƙusoshin nan da ake sa wa a ƙasan takalmi, ana sayar da su a shagunan kayan wasanni.

Gargaɗi kala uku suke bayarwa, ruwan ɗorawa, ruwan lemo da ja. Ruwan ɗorawa ka yi hattara, ruwan lemo ka fasa tafiyar da ba dole ba, ja kuwa ka zauna a gida. Na ambaliya da zaftarewar ƙasa a shafin Varsom ake duba shi, musamman daga Satumba zuwa Disamba da ruwan ya fi yawa, in kana da niyyar tuƙi zuwa garin Voss ko Oslo ta cikin duwatsu ka leƙa shi tun da dare.