Yadda ake hana babba danne ƙarami a aikin haɗin gwiwar gyara hidimar jama'a

A ce hukuma ta gayyato ƙungiyoyi, kamfanin manhaja da marasa lafiya don a sake tsara layin ganin likita. Kujerun iri ɗaya ne, amma mai sa hannu a kan kuɗi da matar da ta bar aikin yininta ta zo ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Kafin zaman farko, a rubuta wa ke riƙe da me: kuɗi, bayanai, ikon amincewa, da wanda in ya janye aikin ya tsaya. A karanta a gaban kowa. Manya ba su cika son wannan ba, amma a daure a yi.

Sannan hukuma ta fito fili ta faɗi abin da ta riga ta yanke da abin da ya rage a tattauna. A 1969 wata marubuciya Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kasa shigar jama'a cikin harkar mulki matakai 8, ta kuma sa jin ra'ayi kawai a sahun aikin ganin ido. In ra'ayi kaɗai ake nema, a faɗa tun da wuri, kada a kira shi haɗin gwiwa.

Abu na uku da za a yi shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato tafiyar da zaman kansa. Wanda ya rubuta ajanda ya riga ya zaɓi matsalar da za a duba, saboda haka a rubuta ta tare. Shugabancin zama ya riƙa zagayawa. Darakta ya yi magana a ƙarshe, don in ya fara, sauran sai gyaɗa kai. A tura takardu kwanaki kafin taro, cikin harshen da kowa ke ganewa. A biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin mota da na lokacinsu, tunda jami'i albashinsa na tafiya yana zaune. A kuma bar su su gana su kaɗai tukuna, su shigo da murya ɗaya.

Daga nan a miƙa musu wani iko na gaske. A Porto Alegre ta Brazil, daga 1989 aka ba mazauna unguwanni damar zaɓar ayyukan da wani kaso na kasafin birnin zai tafi kansu. Ko kason bai da yawa, hukuncinsu ya zama mai aiki.

Bayan 'yan watanni a ɗauko bayanan zama a duba: shawarwarin wa suka shiga tsarin ƙarshe? In duk na ɓangare ɗaya ne, a sake raba kujerun kwamitin yanke hukunci kafin a ci gaba.